Dawar Baba da Feshin Haladu

Haladu, ɗan ƙanin mahaifina, shi ya kashe mini dawa. Ba fari ba ne, ba kuma shanun makiyaya ba. Mutumin da muka tashi muna cin tuwo a kwano ɗaya ne ya goya injin feshi, ya shiga gonata ba da izinina ba, ya kashe irin dawar da mahaifina ya bar mini, sannan ya tsaya yana jiran in yi masa godiya. Na faɗi sunansa tun daga farko don kada a ce na yi kwana-kwana.

Abin ya kai shekara ashirin, kuma da na bar shi ya kwanta. Daminar bana ce ta tono shi. Duk sanda na kunna rediyo sai in ji ana musu a kan irin da aka sauya wa halitta, wanda za ka fesa wa maganin ciyawa, ciyawa ta mutu shi ya tsaya. Wannan ya ce ceto ne, wancan ya ce guba ce. Ni aji huɗu na tsaya a firamare, kada a tambaye ni abin da ke cikin ƙwayar iri. Abin da ya faru a gonata kaɗai na sani. Sannan makon jiya Haladu ya yi sallama a ƙofar gidana, amma wannan sai a ƙarshe.

Gidanmu yana Tudun Wada a Minna, gonar kuwa tana gaba da Gidan Kwano, daf da titin Bida. Duk wanda ke cikin mota yana ganinta. A lokacin ba a cika wajen da gidajen kwanan ɗalibai ba, gonaki ne da itatuwan kaɗanya. Da asuba nake hawa keke, in isa rana ta ɗan ɗago.

Mu ba ma shuka abu ɗaya a gona. Masara ce a kan kunya, ita ke fara nuna, ita ke kore yunwar tsakiyar damina. Idan ta ɗan tasa sai a bi tsakaninta da dawa, wadda za ta zauna har kaka, ita ce abincin shekara. Sauran wurin na matata Ladidi ne. Kuɓewa, yakuwa, wake, da kabewa mai yaɗo a bakin iyaka. Bayan su akwai waɗanda ba mai shuka su, lalo da tafasa da ƙarkashi, su ke fitowa da kansu. Duk mai riƙe fartanya ya san su, idan ya zo kansu sai ya kauce. Miyar gidanmu daga nan take fitowa.

Dawar kuwa ba irin ta kasuwa ba ce. Mahaifina ya taho da ita daga ƙauyensu a ƙasar Zazzau, a ƙulle a bakin rawani, lokacin da ya zo Minna aikin reluwe. Ja ce, mai tauri, ƙwari ba sa son ta a rumbu. Idan ka ci tuwonta da safe, sai la'asar cikinka zai tuna da kai. Ba ta da wani suna a wurinmu sai dawar Baba. Kowace kaka yakan zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure, ya rataye a wani ƙusa a saman murhu don hayaƙi ya tsare ta. Da ya rasu na ci gaba da yin haka, a ƙusa ɗin nan dai. Haladu ya san wannan sarai. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, a gidanmu ya girma, da tuwon dawar nan ƙashinsa ya yi ƙwari.

Shekarar da nake magana, ruwa ya yi jinkiri. Zafin bazara na Minna ba sai an ba kowa labari ba, duwatsu su sha rana su riƙa huro ta, kwanon ɗaki ya yi ta ƙara, tabarma ta jiƙe da gumi. Rijiyar unguwa ta koma laka. Kullum hadari zai haɗu ta gabas, iska ta taso ta kaɗe mangwaro, sai ya watse. Da aka samu ruwan farko muka ruga muka yi shuka, ashe yaudara ce. Ruwa ya ɗauke. Masarata ta fito ta ƙone a tsaye, dawar da na fara zubawa kuwa fakara da ɓeraye suka tone ta. Na rasa irin masara gaba ɗaya. Dawa kuwa abin da ya rage a ƙusa bai fi cikin ƙwarya ƙarama ba.

A nan Haladu ya shigo. Ya gama sakandare, ya buɗe ɗan shago yana sayar da taki da maganin ciyawa. Ya sayi sabon babur, ga wayar hannu a lokacin da ba kowa ke da ita ba, yana rataye ta a wuya kamar laya. Wata yamma muna zaune a ƙofar masallaci ya zo da wata leda, ya kwance. Masara ce an rina ta da jan launi.

"Wannan ba irin taku ba ce," in ji shi. "Turawa sun gyara ta tun daga cikin ƙwaya. Ka fesa magani a kanta, ciyawa ta mutu, ita ko a jikinta. An gama wahalar fartanya."

Malam Liman ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta, ya mayar, ya goge yatsunsa a riga. "Halittar Allah ake sauyawa? Ni dai ba da ni ba."

Ndagi tela, mutumin Bida, ya ce, "Ni abin da na ji, duk namijin da ya ci ta, shi da iyali sai gaisuwa."

Aka fashe da dariya. Haladu ya ce, "Kai Ndagi, kai da ko ba ka ci ba gaisuwar ce." Aka sake kwashewa.

Akwai wani ɗalibin jami'a da ke haya a layinmu, shi ya ce lalle akwai irin wannan masara a ƙasashen waje, amma shi bai ji an ba da izinin shigo da ita nan ba. Haladu ya ce ta kan iyaka ta shigo, kuma ba kowa ake ba ba. Aka yi ta musu har aka kira magariba, ba wanda ya karɓi ko ƙwaya.

Washegari ya biyo ni gida da ledar. "Yaya, na ji ka rasa iri. Ga shi, kyauta."

A wurinmu iri ba a hana shi, kuma idan ƙaninka ya kawo maka ba ka mayar masa. Ga ruwa ya dawo, ga gona a buɗe. Na karɓa, amma na faɗa masa da bakina, Ladidi tana tsaye tana ji: "Zan shuka. Amma fartanya ce za ta yi mini noma. Ban yarda da feshi a gonata ba, akwai dawa, akwai kayan miya."

"Haba Yaya, gonarka ce ai," in ji shi.

Na shuka masarar ta fito kyakkyawa. Da ta tasa na sauko da sauran dawar Baba daga ƙusa, na sussuke, na zuba ta duka, ban bar ko ƙwaya ba. Ba ganganci ba ne, ita ke nan ta rage, kuma lokaci yana wucewa. Ladidi ta bi da nata. Ruwa ya zauna sosai, ƙasa ta yi laushi tana ƙanshi, dawa ta fito siri-siri kamar allura. Ciyawa ma ta fito, harƙiya da tofa, kamar an yi musu gayyata.

A lokacin muna da gayya. Manoman da ke da gonaki a wajen, Hausawa da Gwari da Nufawa, mukan haɗu mu nome gonar mutum ɗaya a yini, gobe ko jibi a koma ta wani. Mai gona shi ke ciyarwa. Haladu ma yana ciki, saboda yana da 'yar gona can ciki inda ba a gani daga titi, ko da yake ya fi yawan zuwa da baki fiye da fartanya. Shi aka ɗora wa sanar da mutane ranar kowa, tunda shi ke da babur. Ni na yarda a sa ni a ƙarshe, don dawata ta ƙara ƙwari a iya bambanta ta da harƙiya. Na yi wa kowa noma. Na sunkuya a gonar Baba Ayuba, dattijon Bagware maƙwabcina, har bayana ya ƙi miƙewa. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa.

Ana jibi ranata muka leƙa rumbu ni da Ladidi. Abin da ya rage na bara ɗan kaɗan ne a ƙasa.

"Idan na tuƙa wa 'yan gayya wannan, me yara za su ci kafin masara ta nuna?" ta tambaye ni.

Na ce, "Mutane za su zo su yi mana aikin wata guda a yini ɗaya, mu ba su kunya? Tuƙa. Ga ganye nan ya kusa, za mu lallaɓa."

Ta surfa, ta kai niƙa, ta jiƙa tsamiya. Muka sayar da zakara muka sayi goro da ɗan nama. Ranar gayya na fita da asuba a keke, ita kuma za ta biyo da abinci a motar a-kori-kura da hantsi.

Na isa gona ba kowa. Na ce ko na yi sammako ne. Na jingine keke a gindin kaɗanya na zauna. Rana ta ɗago, shiru. Sai na ji wani wari-wari da ban saba ji ba. Na shiga tsakanin kunyoyi, na ga ciyawa ta yi laushi, bakin ganyenta ya soma rawaya. Na durƙusa na duba dawa. Tsakiyarta ta yi fari-fari, ganyen ya soma ja kamar an ɗiga masa jini. Na ja ɗaya, ta fito a hannuna ba gardama.

Ina nan durƙushe na ji ƙarar babur. Haladu ne, ya ɗauro wani allo a baya, yana washe baki.

"Yaya, ka gani? Tun shekaranjiya na gama maka, kana can gonar su Baba Ayuba ta rafi. Na ce wa jama'a kowa ya huta, ba sai an zo ba. So na yi in ba ka mamaki."

Na ce, "Me ka gama?"

"Feshi mana. Dubi masarar nan, ko gezau! Bari ka ga nan da mako guda."

"Dawar fa?"

Ya ɗan yi turus, ya leƙa ƙasa. "Au, ka riga ka zuba ta? Ai na ɗauka harƙiya ce. To Yaya, wa ke ta dawa yanzu? Masarar nan kaɗai za ta cika maka rumbu."

Ya sauke allon ya soma haƙa rami a bakin titi. An rubuta sunan shagonsa da manyan baƙaƙe, an zana masara. A nan na gane komai. Ba a tasa gonar ya gwada ba, don tasa tana can ciki ba mai gani. Tawa ce ke bakin titi. Ba iri ya ba ni kyauta ba, talla ya shuka a gonata.

Ban buge shi ba. Har yau wani lokaci ina tambayar kaina dalili. Ina ji don motar ta tsaya ne a daidai lokacin, aka sauko da Ladidi da manyan kwanonin tuwo da tulun kunu. Ta duba ba ta ga mutane ba, ta dube ni, ta dubi allon. Ta tattare zane ta shiga gona. Ina kallonta tana bin layi tana ɗaga kuɓewarta da yatsa, tana saki tana faɗuwa. Ta je bakin iyaka inda kabewa ta fara yaɗo. Sannan ta dawo ta tsaya a gaban Haladu.

"Haladu, ni na wanke maka kaya har ka yi aure. Me na yi maka?"

"Haba Anti, kayan miya ai ana sayarwa a kasuwa."

Baba Ayuba ya iso da fartanyarsa a kafaɗa, don shi bai yarda da saƙon ba, ya ce sai ya ji daga bakina. Ya tsuguna ya duba, ya daɗe, ya girgiza kai. "Wannan ya mutu, ɗana. Magani ba ya da ido." Ya juya wajen Haladu. "Kai, ko ni da ba ɗan gidanku ba, na san dawa na babanka."

Tuwon da aka tuƙa da ƙarshen hatsinmu, leburorin da ke wani gini a tsallaken titi muka kira suka cinye. Suna ci suna sa mana albarka. Ni ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Cikin mako gonar ta koma yadda Haladu ya ce. Masara tsaye kore shar, ƙasanta fes kamar an share tsakar gida. Motoci na rage gudu ana nunawa. Mutane suka yi ta zuwa shagonsa. Ni na tumɓuke allon na jefa a kwata, ya sake kafa wani a gefen titi, ya ce nan ba gonata ba ce, filin gwamnati ne.

Sai marka ta kama. Ruwa ba dare ba rana, bango ya jiƙe, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika gida ba abin da ke kan wuta sai ruwan zafi. A shekarun baya irin wannan lokaci Ladidi kan dawo daga gona da ƙwarya cike da lalo da yakuwa, ko hatsi ya yi ƙaranci a cika ciki da ganye. A wannan shekara sai ta riƙa bin gonakin mutane tana roƙon a bar ta ta tsinka. Matar da ke rabar da kuɓewa a layinmu. Muka koma garin rogo, safe da dare, wani lokaci da ƙuli, wani lokaci da gishiri kawai. Yara suka daina wasa a waje, sai su zauna a bakin ƙofa suna kallon ruwan indararo. Ƙaramarmu da ake yaye ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na je tasha na yi dako, ni da nake da gona. Da masara ta yi goyo ba mu jira ta bushe ba, muka fara karya muna gasawa.

Ba zan yi ƙarya ba, masarar ta yi kyau. Ta ba da abin da masara ke bayarwa. Amma masara ba dawa ba ce. Kafin tsakiyar rani ƙwari sun shige ta, ka ɗebo ka ji tana ƙaiƙayi a hannu, rabi gari rabi ƙwaro. Kaka ta zo, maƙwabta na yankan dawa suna ɗaurin dami, ni ina zaune a gindin kaɗanya ina kallon karan masara. Bazarar da ta biyo baya awo muka yi a kasuwa kamar baƙi.

Daga baya wani malamin gona ya ce mini wataƙila ma masarar ba wadda aka sauya ba ce, akwai maganin da kowace masara ke jurewa amma yana kashe dawa. Wani kuma ya ce a'a, ta yiwu ita ce. Haladu bai taɓa faɗin inda ya samo ta ba. Ni duk ɗaya ne a wurina. Ko an sauya ta ko ba a sauya ba, an yi ta ne don gonar da ba komai a cikinta sai ita kaɗai, kuma gonata ba haka take ba.

Na nemi irin. Na tuna Baba ya taɓa ba Baba Ayuba, na je. Ya shiga rumbunsa ya fito da zangarniya iri-iri, muka baje a tabarma muna dubawa. Ya ce ya daɗe da haɗa ta da tasa, ta narke a ciki. Na shiga mota har ƙauyen su mahaifina. Tsofaffin da suka san ta sun mutu, 'ya'yansu masara suke yi da taki. Wata tsohuwa ta ce ta tuna tuwonta. Abin da na samo ke nan.

Gayyar ma ba ta ƙara shekara biyu ba. Kowa ya sayi injin feshi na goyo, kowa ya koma gonarsa shi kaɗai. Yanzu ni ma dawar kasuwa nake shukawa a ɗan abin da ya rage mini, kuma har yau da fartanya nake bi, ana yi mini dariya. Dangi sun taru a kan maganar tun a lokacin, aka ce in yi haƙuri, yaro ne, alheri ya nufa. Haladu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Muna gaisawa a biki da jana'iza, shi ke nan.

Makon jiya, ana yayyafi bayan la'asar, mota ta tsaya a ƙofar gidana. Alhaji Haladu ne yanzu, shaguna uku. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ladidi ta shimfiɗa masa tabarma a zaure ta koma ciki ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Muka taɓa maganar ruwan bana. Ya ce ciwon suga ne ya kama shi, likita ya hana shi shinkafa da tuwon masara, ya ce ya koma dawa.

"Ta kasuwa ba ta yi mini daɗi, Yaya, kamar ƙasa. Shi ne na tuna da jar dawar nan ta Baba, wadda muke ci muna yara. Kai, wannan tuwo! Na ce a duk dangi kai kaɗai za a samu wurinka. Ko tiya biyu ce ka taimaka mini, har ma in sa a shuka mini."

Na kalle shi, ina neman alamar wasa ko kunya a fuskarsa. Babu. Da gaske yake. Ya manta.

Na ce ya taso. Na kai shi madafa, na nuna masa saman murhu. Ƙusar tana nan, igiyar da Baba ya ɗaura tana reto, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ba komai a jikinta.

Na ce, "Ka ga wurinta nan. Ita kuwa tana inda ka bar ta. Ka bi titin Bida, ka wuce Gidan Kwano, ka tsaya inda ka kafa allonka. Kai ka goya inji ka shiga, bayan na ce maka kada ka shiga. Ka ce ka ɗauka harƙiya ce. Ubana ya ɗauko ta tun daga Zazzau, ya ciyar da kai da ita kana maraya, kai kuma ka gama da ita kafin hantsi don a ga sunan shagonka daga mota. Shekara ashirin ina jiran ranar da za ka zo ka ce Yaya na cuce ka, da na ce Allah ya yafe mana. Ashe kai ko tunawa ba ka yi. Ka tambaye ni ranar nan, wa ke ta dawa yanzu? To ga shi ka samu amsa. Sa takalminka, Haladu. Je ka ci masararka."